Direban Jikin Kalanda

A ƙarshen watan Maris na 1975, lokacin hutun Ista, wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Ove Andersson ya lashe gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da Peugeot 504. A shekarar ce kuma aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, unguwar da aka yanke mini cibiya. Ina Nairobi, ina Kakuri? Amma a zukatan yaran unguwarmu abubuwan nan biyu sun haɗe sun zama guda. Motarmu ce ta ci. Wanda ya tuƙa ta kuwa ya zama namu, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙofar garejinmu ba.

Wanda bai ga Kakuri a wancan zamanin ba zai ɗauka ƙari nake yi. Masaƙar KTL tana nan tun 1957, zamanin Sardauna. Ga UNTL, ga Arewa, ga Nortex, ga masana'antar makamai ta soja, ga babbar tashar jirgin ƙasa a gefe. Da jiniyar canjin ma'aikata ta kaɗa sai titi ya cika da kekuna, mai tafiya a ƙasa sai ya raɓe a jikin bango. Mahaifina yana cikin masu kekunan nan. Yakan shigo gida da burbushin auduga a gira da gemu, kunnensa bai huce daga rugugin injin saƙa ba, sai an ɗaga murya yake amsa sannu da zuwa. A bakin ƙofofin kamfanoni masu tuwo da masu ƙosai sun jeru, Bahaushe da Bagwari da Batibe da Bayarabe suna cin abinci a benci ɗaya, kowa da katin aikinsa a aljihu. Yadi da atamfa mun saba da su. Amma mota! A ce mota sukutum, da fentinta da ƙamshin sabuwar kujera, ta fito daga ƙofar da kake wucewa kullum in an aike ka cefane.

Kayan haɗin ma ta sama suke zuwa. Jiragen ruwan siminti sun toshe tashar ruwa ta Legas a lokacin, don haka ake ɗauko sassan motocin a jirgin sama daga birnin Lyon na Faransa a sauke a Kano, sannan tireloli su kwaso su zuwa Kaduna cikin manyan akwatunan katako. Katakon akwatunan yakan ƙare a hannun kafintocin unguwa. Bencin da na fara zama a kai a gareji da shi aka yi, da sauran rubutun Faransanci a ƙarƙashinsa.

Da na gama firamare mahaifina ya riƙe hannuna ya kai ni wurin wani bakanike a Makera, ya ce, “Ga ɗanka nan.” Oga muke ce masa, manya da yara. Gajere ne mai ƙarancin magana, da tabon ƙunar ruwan lagireto a damtsensa na hagu. In aka kawo mota ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Sai ya ce a tayar, ya dafa tsinin doguwar sukudireba a jikin injin, ya kanga mariƙinta a kunne, ya lumshe ido. Mu yara mu yi tsit. Can sai ya ce fulogi na uku ne, ko ya ce a sauke kafireta, kuma da wuya ka buɗe ka tarar da wani abu daban.

A jikin kwanon rumfarsa, sama da akwatin kayan aiki, akwai wata kalanda da mai sayar da kayan gyara ya ba shi. Hoton 504 ce ta faɗa cikin ruwa a guje, jar laka ta lulluɓe ta har rufi, manyan fitilu jere a goshinta, lamba a ƙofa. Fuskar direban ba ta fito ba, sai inuwar kai a bayan gilashi. Shekarar kalandar ta wuce, aka yage watannin, hoton ya zauna. Gefensa duk shatin yatsun baƙin mai ne, domin duk direban da ya zo jiran gyara sai ya dangwala yatsa a kai ya faɗi albarkacin bakinsa.

Wani maƙwabcinmu da ke aiki a kamfanin Peugeot, wanda ke jin Turanci kuma yana samun mujallu a wurin Faransawan da suke aiki tare, shi ya warware mana yadda tseren Safarin yake. Ya ce ba fili ake kewayawa ba. Hanyar jama'a ce, wadda shanu da manyan motoci ke bi, sama da kilomita 5,000, a tashi daga Nairobi a komo Nairobi, ana tafiya dare da rana. Akwai wuraren da ake tsayawa a buga kati, kowane minti ka makara a rubuta maka shi. Mutum biyu ne a mota, direba da mai karanta masa hanya, kuma abokin tafiyar Andersson sunansa Arne Hertz. Lokacin ruwa ne a can, akwai baƙar laka mai riƙe taya, akwai gargada mai kwance noti. Yawancin motocin da suka tashi ba sa komowa da ƙafafunsu. Waɗanda suka zo na biyu da na uku a shekarar, Sandro Munari da Björn Waldegård, Lancia Stratos suka tuƙa, motar da aka ƙera musamman don tsere, wadda ta fi 504 gudu nesa ba kusa ba. Duk da haka 504 ce a gaba. Kuma kafin shekarar ta fita, 504 ta sake cin gasar Maroko da ta Bandama a Kodebuwa.

Ni a lokacin na yi imani motar jikin kalandar daga Kakuri ta fito. Na daɗe kafin in gane cewa ta tsere ce da aka shirya daban, aka ƙarfafa mata ciki da waje. Sanin haka bai rage mini komai ba. Ƙirar ɗaya ce, kuma na kwanta a ƙarƙashin irinta na ga dalili da idona: cikinta a ɗage yake daga ƙasa, sifirin ɗinta masu tsawo ne suna haɗiye rami, farfelar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya kuma a cikin bututun ƙarfe take, dutse ba ya samunta kai tsaye.

Akwai yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ke jan 504 doguwa ta haya daga Kaduna zuwa Kafanchan. Kyakkyawan saurayi ne mai fara'a, hularsa a karkace, kuma duk tasha an san ƙafarsa ba ta ɗaguwa daga totur. Yana son hoton nan fiye da kowa. In ya shigo gareji sai ya sara masa, ya ce, “Maigidana ke nan.” Ni kuwa shi nake son zama. Kada a ɗora wa samarin lokacin laifin duka: wanda ya riga isa tasha shi ke riga shiga layin lodi, mai mota yana jiran balas da yamma, sawu ɗaya na ƙari shi ne kuɗin cefanen direba. Hukumar kiyaye haɗurra ma sai 1988 aka kafa ta. Amma ban da neman abinci akwai son a sani, kuma yayana yana da shi.

Wata Asabar cikin watan Agusta ya ce in raka shi. Na matse a gaba tsakaninsa da wani malamin makaranta. A baya akwai wata mai goyo, da 'yan kasuwa, da wata tsohuwa da ƙullin kayanta a cinya. Mun bar Sabon Tasha ana yayyafi. Kafin Kujama wata doguwar Fijo ta abokin hamayyarsa ta wuce mu, direban ya leƙo da hannu ya yi mana alamar sai mun zo. Na ji yayana ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya gyara zama.

Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Iska tana shigowa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, gonakin masara suna wucewa kore shar, allurar maleji tana hawa, injin yana wani irin kuka mai santsi da ban taɓa jin irinsa a gareji ba. Muka ratsa Kasuwan Magani da hon. Malamin da ke gefena ya ce, “Direba, a yi a hankali.” Yayana ya ce, “Malam, kwantar da hankalinka, hanyar nan a tafin hannuna take.”

Bayan Kufana muka cim ma wata gingimari ɗauke da itace, tana hawa tudu da ƙyar, tana watso mana ruwan laka a gilashi. Gabanta kwana ce, ciyawar damina ta rufe abin da ke bayan kwanar. Yayana ya sauke giya ya fita. Muna daidai tsakiyar gingimarin sai ga wata babbar mota ta ɓullo. Na ga fitilunta. Na ga fuskar yaron motar a buɗe da baki. Babu wurin komawa. Yayana ya finciki sitiyari zuwa wancan gefen titi, muka sauka daga kwalta, bayan motar ya juya, ciyawa tana dukan gilashi, wani abu ya daki cikin motar da ƙarfi har haƙorana suka haɗu. Iskar babbar motar ta girgiza mu ta wuce. Muka tsaya a karkace, injin ya mutu.

Ba wanda ya yi magana. Sai ƙarar ruwa a rufi da ƙaurin birki. Ƙafata ta dama tana rawa, na danne ta da hannu biyu ta ƙi tsayawa. Sannan jaririn ya tsala kuka, uwarsa ta fashe da salati. Tsohuwar nan ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta miƙo hannu ta dafa kafaɗar yayana, ta ce, “Ɗana, mu ba mu yi maka komai ba.”

Har yau in na tuna muryarta sai tsikar jikina ta tashi.

Washegari aka jawo motar gareji, tarod ya lanƙwashe, salansa ta tsinke, shokazoba ɗaya ta fashe tana zubar da mai. Oga ya shiga ƙarƙashi ya daɗe. Da ya fito bai ɗaga murya ba. Ya goge hannu, ya kama yayana a wuyan hannu ya kai shi gaban kalandar.

“Kai ka ce wannan maigidanka ne?”

“Oga, tsautsayi ne.”

“Akwai waɗanda suka fi shi gudu a tseren nan. A bayansa suka iso. Shi ya san abin da ƙarfe zai iya ɗauka, ya tsaya a nan, ya kai motar mutane gida. Sannan mutum ɗaya ya ɗauka, wanda ya san abin da ya shiga, da hular kwano a kansa. Kai wa ka ɗauka? Jaririn nan ya ce maka yana tsere?”

Yayana ya sunkuyar da kai. Ni kuma, duk da tsoron da na sha, a raina ina ganin maganar Oga maganar manya ce kawai, irin ta wanda jininsa ya yi sanyi. Na ɗauka direbobi iri biyu ne, masu zuciya da masu tsoro, kuma na sa Oga a layin na biyu.

Daminar ba ta fita ba aka aiko cewa motar wani mai hulɗa da mu ta lalace a wani ƙauye, can ciki bayan an bar kwaltar Kachia. Oga ya ce in ɗauko akwatin kayan aiki, muka shiga tsohuwar 504 ɗinsa ƙarama. A kan kwalta ya tafi yadda ya saba, manyan motoci ma suna wuce mu. Da muka sauka kan burji sai na ga wani mutum daban. Ya zauna sosai, hannayensa sakwa-sakwa a kan sitiyari, idonsa can nesa. Motar ta ɗauki gudu. Kafin rami yakan ɗan taɓa birki ya saki, gaban motar ya ɗago, mu haye ba tare da ta buga ba. A kan gargada ya ƙara wuta maimakon ya rage, sai karkarwar ta lafa. A kwana mai santsi bayan motar ya fara zamewa, zuciyata ta yanke, shi kuwa ya ɗan juya sitiyari zuwa inda take zamewa, ya riƙe totur daidai, ta miƙe. Ko sau ɗaya cikinta bai taɓa ƙasa ba. Tafiyar tasu ta yi kama da ta mahayi da dokin da ya raina tun yana ɗan duƙushi. A irin hanyar nan yayana ba zai ga ƙurarsa ba.

Da muka iso wani rafi da ya kawo, sai ya tsaya cak. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya karyo sanda ya shiga ruwan yana dogarawa har ƙetare, ya komo. Ya kwance bel ɗin fanka don kada ta watsa wa fulogi ruwa, ya sa giya ta ɗaya, muka ratsa a hankali, ruwa yana lasar ƙofa. A ƙetare ya mayar da bel ɗin, ya dube ni.

“Ba tafiyar hawainiya nake koya maka ba, yaro. Gudu yana da wurinsa. Inda idonka ya kai, taka. Inda bai kai ba, sauka ka duba. Kuma ka ji tausayin ƙarfe.”

A ranar na fahimci abin da yake gani a hoton nan, wanda mu ba mu gani ba. Mu ruwan da ke tashi muke kallo. Shi kuwa yana kallon mutumin da ya yi kwanaki yana sauraron motarsa.

Sai da na girma, na fara karanta mujallun motoci da kaina, na san sauran tarihinsa. An haife shi a Uppsala a 1938. A 1971 ya ci manyan gasa huɗu a Turai da ƙaramar motar Alpine, har da ta Monte Carlo da ta Acropolis a Girka. Amma tun da aka fara gasar duniya a 1973, nasararsa ɗaya tak a cikinta ita ce Safarin nan ta 1975. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a lokacin da ya ci da Peugeot, ya riga ya kafa ƙungiyar tseren da ta zama ta Toyota a Turai, wadda daga baya ta zauna a birnin Kolon na Jamus. A ƙarƙashinsa Toyota ta ci Safari sau uku a jere, 1984 da 1985 da 1986, direbobinsa irin su Carlos Sainz da Juha Kankkunen suka zama zakarun duniya, kuma shi ya jagoranci Toyota ta shiga Formula 1 a 2002. Da na gaya wa Oga, na zaci ransa zai sosu, don a lokacin Toyota ta fara ture Fijo a tashoshinmu. Sai ya ce ai wanda ya iya sauraron mota shi ya kamata a ba shi yara ya koya musu.

Kakuri kuwa ta riƙa yin ƙasa a gaban idonmu. Daga 1986 darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin Kwatano suka cika gari. Rikicin watan Fabrairun 2000 ya raba Kaduna gida biyu, maƙwabtan shekara da shekaru suka kwashe kaya, wasu suka haye kogi wasu suka gangaro. A kwanakin nan rumfarmu ta ƙone, kalandar ta tafi tare da ita. KTL ta tsaya a 2002. A 2006 aka sayar wa 'yan kasuwa hannun jarin gwamnati a kamfanin Peugeot, kuma a tsakiyar shekarun nan aka daina haɗa 504, bayan Turai ta daina tun 1983. A 2007 UNTL ta rufe ƙofa. Mutanen da na sani da katin aiki a aljihu suka koma acaɓa da gadi. Garejin ya dawo hannuna, Oga ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma kullum da hantsi jikansa yakan rako shi ya zauna a benci.

A watan Yunin 2008 ɗana ya dawo daga shagon intanet da takarda a hannu, ya ce, “Baba, ba wannan ne mutumin da kuke yawan faɗa ba?” Ranar 11 ga wata, kusa da garin Oudtshoorn a Afirka ta Kudu, Ove Andersson yana tuƙa wata tsohuwar Volvo a gasar tsofaffin motoci, ya yi karo gaba da gaba da wata mota. Ya mutu yana da shekara 70.

Na karanta a tsaye. Gaba da gaba. Nan take na ji ƙaurin birkin nan na bayan Kufana a hancina, na ga fitilun babbar motar, ƙafata ta dama ta soma rawa. Mutumin da ya ratsa lakar Kenya da dare ya fita lafiya, ya yi shekaru yana tura wasu cikin tsere yana jiran komowarsu, shi ne ajali ya tarar a kan titi bayan ya tsufa. Na ji zafin abin har cikin ƙirjina, irin zafin rasa wanda kuka yi zama da shi.

Na durƙusa gaban Oga na gaya masa. Ya yi shiru, yana murza tabon damtsensa.

“Titin an rufe musu ne, ko na kowa ne?”

“Na kowa ne, Oga.”

“To.” Ya jinjina kai. “Sitiyarinka kaɗai ke hannunka. Na mai tahowa yana hannun Allah.” Ya sake yin shiru, sannan ya ce, “Aika a kira yayanka.”

Yayana ya zo da la'asar, furfura ta cika masa kai, ya daɗe da barin hanya lafiya lau yana sayar da taya. Kafin magariba labari ya zaga, tsofaffin direbobin Kafanchan da na Kano da na Legas suka taru a rumfar, har da maƙwabcin nan namu da ya fara karanta mana labarin, wanda ya koma Sabon Tasha da zama tun bayan rikici, ya hau acaɓa ya zo. Aka sayo shayi. Aka yi ta musu a kan ko 404 ta fi 504 ƙarfi, aka tuno ramukan da suka ci tayoyi, aka lissafa abokan da hanya ta cinye, kuma suna da yawa. A nan ne yayana, wanda ban taɓa jin ya tayar da zancen ba, ya ba su labarin tsohuwar da ta dafa kafaɗarsa. Ya ce bai daina gudu a ranar ba, ƙuruciya ba ta barin mutum da wuri, amma bai sake fita wuce mota a kwana ba har ya ajiye tuƙi. Muryarsa ta sarƙe, ya share ido da hularsa.

Muna cikin haka wata 504 doguwa ta shigo daga Kachia, an cire kujerun baya an danƙara mata buhunan citta har rufi, gindinta yana jan ƙasa, ƙamshin cittar ya cika rumfar. Direban, yaro ne da bai kai shekarun motar ba, ya ce tun daga Idon take wani ƙara in ya saki totur. Oga ya ce kada ya kashe. Aka kama hannunsa aka kai shi gaban motar, ya nemi doguwar sukudireba, ya kanga a kunne. Ya ce injin lafiyarsa ƙalau, a sauke kayan a duba farfela. Tsofaffin direbobin suka ajiye kofunan shayi suka kama sauke buhuna, ni kuma na jawo jak na shiga ƙarƙashi, yayana yana haska mini da tocila.